Baballe Ya Nemo X a Agege

A Agege, ta bayan layin dogo, akwai wani gidan haya mai ɗakuna layi biyu suna kallon juna, mallakar Alhaji Barau. A ɗakin ƙarshe, maƙwabcin banɗaki, nan Baballe yake zaune. Gyaran janareta ne sana'arsa, kuma a faɗarsa babu injin da ya taɓa gagarar sa a duk faɗin Legas, sai dai waɗanda masu su suka yi gajen haƙuri suka ɗauke kafin ya gama. Kakansa soja ne da ya zo Ikko tun zamanin Turawa, shi ya sa Baballe yake tafiya ƙirji a gaba, kamar shi ne ya je yaƙin.

A ɗakin farko kuwa yayarsa ce, Saratu, mai shagon atamfa a Idumota, da 'yarta Raihana. Raihana ta zauna jarrabawar JAMB bara, sauran darussa suka yi kyau, lissafi ya ja mata ƙafa. Ita kuwa injiniya take son zama. Uwar ta riga ta yanke hukunci: bana ne karo na ƙarshe, in ba a samu ba a naɗe littattafai a biyo ta shago.

Wata Asabar da la'asar suna zaune a tsakar gida, Raihana tana yi wa uwarta bayanin tsarin da aka ba su a wajen lesin da take zuwa a Ogba. Za ta riƙa yin tambayoyin shekarun baya tana duba agogo, duk wadda ta faɗi ta koma ta gano inda ta kauce. Sai ga Baballe ya fito da sifana a aljihu, ya ja ya tsaya.

"Tambayoyin baya?" ya ce. "Waɗanda aka riga aka yi aka gama? Ke kin taɓa ganin wanda zai je Oshodi ya tsaya jiran motar danfon da ta tashi bara?"

"Kawu, ai salon tambayoyin ne yake maimaituwa," in ji Raihana.

"Yarinya, lissafi dabara ce. Da ni aka kawo wa ke tun farko, da yanzu kina aji biyu a jami'a."

Saratu ta ɗago kai daga tsintar shinkafa. "Kai ɗin da ka gudu daga aji uku na sakandare?"

"Yaya, ban gudu ba. Malaman ne suka ƙarar da abin da suka sani, na ga zama ba shi da amfani."

Matan gida suka fara leƙowa daga ƙofofinsu. Baballe kuwa in ya ga idanu a kansa, bakinsa ba ya jiran kansa. Nan take ya ce ai ya ji wajen lesin nan suna yin jarrabawar gwaji ƙarshen wata, kowa yana iya zama. A rubuta sunansa. Zai shirya da nasa tsarin, Raihana ta shirya da nata. In ya fi ta maki a lissafi, ta bar lesin ta dawo hannunsa har zuwa babbar jarrabawa.

"Na yarda," in ji Saratu, don haushi. "Jama'a ku shaida."

Raihana dai ta san uwarta ba ta janye maganar da ta yi a gaban mutane. Baballe ya juya ɗakinsa yana fito, duk da cewa can ƙasan zuciyarsa wani abu ya ɗan motsa, don rabonsa da riƙe biro tun ranar da ya sa hannu a takardar haya.

Washegari ya tafi rumfar mai shayi ya samu amininsa Ɗan'azumi, wani ɗan dako a kasuwar Mile 12, mutumin Gumel, wanda duk abin da Baballe ya faɗa yake ɗauka kamar daga rediyo ya ji.

"Kuskuren da mutane suke yi," in ji Baballe, "suna tura lissafi ta kunne. Ta ciki ake shigar da shi. Kan kifi, Ɗan'azumi. Ƙwaƙwalwa ce take gina ƙwaƙwalwa."

"Allahu akbar! Shi ya sa ban taɓa ganin kifi ya ɓata hanya ba," in ji Ɗan'azumi.

Da yamma sai ga shi da rabin buhu na kawunan tarwaɗa. Baballe ya ɗora tukunya a ƙofar ɗakinsa. Safe kan kifi, rana kan kifi, abin da ya rage ya shanya a kan kwanon banɗaki. Kafin mako ya zagayo, ƙarni ya kama gidan har cikin akwatunan mata. Kyanwoyin unguwa suka dawo gidan da zama, suna jere a kan katanga kamar masu jiran rabon zakka. Wanki in an shanya sai an sake wankewa.

Iya Basira, wata dattijuwa Bayarabiya mai ɗakin tsakiya, ta fito ta riƙe ƙugu. "Baballe, kilode? Kashe mu za ka yi?"

"Iya, ilimi ne yake ƙamshi. Wanda bai saba ba dole ya dame shi."

"To mu gwada ilimin," in ji Saratu daga ƙofarta. "Bakwai sau takwas?"

Baballe ya buɗe baki da loma a ciki zai ce tambayar ta yi masa ƙanƙanta, sai ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro. Ido ya firfito, ya miƙe yana daka tsalle yana nuna wuya. Ɗan'azumi ya hau dukan bayansa kamar yana kakkaɓe buhun albasa. Iya Basira ta ruga ta murzo ƙatuwar lomar teba, ta sa aka danne shi, ta tura masa. Da kyar ƙayar ta wuce. Yana kwance a ƙasa yana haki, hawaye shaɓe-shaɓe, Saratu ta sunkuyo.

"Har yanzu muna jiran amsa."

Ya ɗaga yatsu huɗu, sannan ya yi tunani ya ƙara ɗaya.

Da murya ta dawo sai ya sanar cewa mataki na ɗaya ya kammala aikinsa, ƙwaƙwalwa ta buɗe, saura zuba kaya. Ya ari littafin Raihana ya buɗe tsakiya. Shafi na farko x, na biyu x, ya tsallake goma ya sake cin karo da x.

"Ashe duk wahalar nan abu ɗaya ake nema?" ya ce. "Shekara da shekaru an kasa kama shi? To ya zo Agege."

Dabarar ita ce ido ya saba. Abin da mutum yake gani shiga da fita, in ji shi, ko bai so ba sai ya zauna a kai. Yana da ragowar jan fenti da ya taɓa shafa wa wani tsohon janareta don ya yi kama da sabo. Ranar Litinin da hantsi, kowa ya tafi nema, ya jingina tsani a bangon gidan ta waje, ɓangaren da yake kallon titi. Ya zana X ƙato, daga ƙasan taga har kusa da rufi. A ƙasansa ya fara kwafo wata tambaya, ya rubuta 7, ya rubuta 14, fenti ya ƙare. Ya ja baya ya dubi aikinsa, ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakar kayan aiki ya tafi gyara a Ogba.

Abin da Baballe ya manta, wanda ko yaron goye a Legas ya sani, shi ne ma'anar jan X a bangon gida.

Da ya dawo da yamma, tun daga bakin layi ya ga taro. Katifu a titi, tukwane, fanka, akwatuna, buhunan atamfar Saratu an jibge a kan benci. Mata suna kuka, yara suna murna. Wani mai shagon caji yana yi wa mutane fassara: bakwai ɗin nan kwanakin da aka bayar ne, sha huɗu kuma ranar da katafila za ta zo. Alhaji Barau yana zaune a kan bokiti, hula a gwiwa, takardun gida a hannu, ana yi masa fifita da murfin kula. 'Yan gwangwan sun iso da kurarsu suna taya ƙofofi da kwanon rufi. Can gefe wasu 'yan caca sun duƙufa suna kwafe lambobin a tafin hannu.

"Me ya faru?" in ji Baballe.

"Rusau!" aka amsa masa baki ɗaya. "Gwamnati za ta rushe gidan!"

Jinin kakansa soja ya motsa. Ya haye kan wani tebur ya ɗaga hannu. "Wa ya isa? Gidan da nake ciki? Ku kwantar da hankalinku. Ni na san manya. Duk wanda ya yi wannan aika-aika, wallahi sai ya kwana a ofishin 'yan sanda! A nuna min takardar da suka kawo."

"Ba takarda," in ji Alhaji Barau. "Ga shi can sun shafa."

Baballe ya bi yatsan Alhaji da ido har bango. Hannunsa yana sama, ya rasa yadda zai sauke shi.

Daidai nan Raihana ta sauko daga Keke mai ƙafa uku da jakar lesin. Ta dubi bangon, ta karkata kai. "Umma, wannan ai tambaya ta uku ce a shafin aljabra. Kuma ma an tsallake alamar daidai."

Saratu ta ɗaga kai a hankali ta dubi hannun ƙanenta da yake sama, ja wur har gwiwar hannu.

"Jini ne," in ji Baballe. "Fanka ce ta yanke ni."

"Za ka ga jini yanzu," in ji Alhaji Barau, wanda ya miƙe tsaye ba tare da taimakon kowa ba, karo na farko tun azahar.

Sai da limamin unguwa ya sa baki aka sauko da Baballe daga kan rumfar mai shayi, inda ya gudu ya maƙale. Hukuncin da aka yanke shi ne ya mayar da kayan kowa ɗaki da kansa, ya kuma sake wa bangon fenti. An dawo da komai sai ƙofar banɗaki, don ita tuni wani ɗan gwangwan ya yi gaba da ita. Aka rataya tsohon zane a wurin, kuma daga ranar duk wanda ya shiga sai ya riƙa tari ko waƙa don a san da mutum. Kowane tari, sai an haɗa da sunan Baballe.

Ranar gwaji ta matso, kuma in ban da siffar x babu abin da ya zauna masa a kai. Ta tagarsa yana hango Raihana a kan tabarma da agogon waya a gabanta, tana yi tana gogewa. Amma da ya isa rumfar shayi sai ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Na gano sirrin," ya ce da Ɗan'azumi. "Kowace tambaya amsa huɗu ce, A, B, C, D. To ka saurara. Mai tambaya ba zai sa amsa a A ba, don nan ne bakin ƙofa, kowa zai gani. B maƙwabciyar A ce, za ta tona. D ta yi nisa, shi kansa zai gaji kafin ya kai. Ina ya rage?"

Ɗan'azumi ya ƙirga da yatsu. "C!"

"Daga farko har ƙarshe. Su bar ni da masu karatu."

"Oga, kai ba mutum ba ne," in ji Ɗan'azumi, yana sharar ƙwalla.

Ranar Asabar aka cika danfo guda daga Agege. Baballe ya sa kwat ɗin da ya aro, wadda hannunta ya tsaya masa a tsakiyar damtse, ya ƙwama tabarau marar gilashi. Ɗan'azumi ya gayyato abokansa 'yan dako, har da wani mai kalangu. Iya Basira ma ta biyo, ta ce ko ba komai za ta ga ƙarshen abin da ya hana ta shanya wanki. Alhaji Barau ya zauna a gaba.

Wajen lesin bene ne mai ɗaki cike da kwamfutoci, na wani Malam Abdulhafiz, mutum mai sanyin magana. Da ɗalibai suka zauna ya tsaya ya yi bayani: harafin A zuwa D na zaɓen amsa ne, N na wucewa tambaya ta gaba, S kuma na miƙa jarrabawa ne in an gama, kada wanda ya taɓa shi kafin nan. Duk wannan bayani Baballe yana bakin taga yana ɗaga wa jama'arsa hannu biyu.

"Bismillah, ku fara," in ji Malam Abdulhafiz.

Baballe ya zauna ya dubi maɓallan. "Wa ya hargitsa haruffan nan?" ya tambayi yarinyar da take kusa da shi. Ba ta ko kalle shi ba. Ya yi tunani irin na mai gyaran inji: kowane inji sai an tayar da shi kafin ya yi aiki, kuma a jikin kowane janareta sunan maɓallin tayarwa da S yake farawa, wato Start. Ya lalubo S ya danna.

Kwamfuta ta fito da rubutu da Turanci, tana tambaya ko ya tabbata.

"Ni kike tambaya ko na tabbata?" ya ce da ƙarfi. "Tun kafin a ƙera ki nake tabbata!" Ya danna mata e, har sau uku.

Allon ya yi fari, sannan ya rubuto godiya da fatan alheri.

Baballe ya jira. Babu tambaya ko ɗaya. Ya duba hagu, kowa ya duƙufa yana gumi. Ya duba dama, Raihana tana cizon biro. Sai abin ya faɗo masa: na'urar ta gane shi. Ta ga ba sai an ɓata wa juna lokaci ba. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya taka zuwa ƙofa.

"Malam, lafiya? Banɗaki ne?" in ji Malam Abdulhafiz.

"Na gama. Ka ba yaran nan haƙuri, kada su karaya."

Da ya fito, kalangu ya ɗauka. 'Yan dako suka ɗaga shi sama kamar kwandon tumatir, suka zaga harabar da shi. Iyayen da suke jiran 'ya'yansu suka kewaye shi, ya hau yi musu lacca daga kan kafaɗun mutane. Wata mata ta roƙe shi ya karɓi tagwayenta. Wani ya tambayi sunan makarantarsa, nan take ya raɗa mata suna. Saratu tana gefe ta yi tagumi, tana tuna maganar da ta yi a gaban shaidu, tana kallon ƙofar da 'yarta ba ta fito ba har yanzu.

Can bayan an ɗauki lokaci ɗalibai suka fito a gajiye. Malam Abdulhafiz ya kunna babbar talabijin da take baranda, sakamakon lissafi ya fara fitowa daga sama zuwa ƙasa. Sunan Raihana ya bayyana cikin na gaba-gaba, da maki sittin da takwas. Saratu ta dafe ƙirji.

"Ta yi ƙoƙari," in ji Baballe daga sama. "Nawa sai ƙarshe. Babban baƙo ba ya fara shigowa."

Sunaye suka yi ta wucewa, maki yana raguwa. Arba'in, talatin, sha biyu. Mai kalangu ya rage hannu. Daga ƙarshe, can ƙasa, shi kaɗai, sunan Baballe ya fito, da wani abu zagayayye a gabansa.

"Oga," in ji Ɗan'azumi a hankali, "wancan ba sifili ba ne?"

"O ce. Farkon Oga. Ba ta gama rubutawa ba."

"Sifili ne," in ji Malam Abdulhafiz. "Ka miƙa jarrabawar kafin ka ga tambaya ko guda. Gaskiya tun da na buɗe wurin nan ban taɓa gani ba. Akwai ranar da ƙadangare ya faɗo daga silin ya bi ta kan maɓallai, shi ma ya samu huɗu."

Dariyar da ta tashi sai da masu sayar da burodi a tsallaken titi suka waiwayo. Iya Basira ta zauna a ƙasa daɓas tana dukan cinya. Alhaji Barau ya yi dariya har hularsa ta faɗi. 'Yan dako suka dubi juna, suka saki hannu a tare, Baballe ya sauko ba ta hanyar da ya hau ba. Matar nan mai tagwaye ta ja 'ya'yanta baya kamar abin yana yaɗuwa.

"A sake!" in ji shi daga ƙasa. "Ban ma taɓa C ɗin ba!"

"Ka je gida ka taɓa ta," in ji Saratu. "Raihana, wuce mu tafi, gobe akwai lesin."

Ana shirin watsewa Malam Abdulhafiz ya matso ya tsugunna kusa da shi, ya ce cikin ladabi ko zai yarda a ɗauki hotonsa, za su sa a allon talla. Baballe ya miƙe zumbur, ya kakkaɓe kwat, ya juya ɓangaren fuskarsa da ya fi so.

Raihana ta zauna babbar jarrabawa ta haye, har ta wuce makin da ake nema. Amma kafin sakamakonta ya fito, wani ƙaton allo ya riga ya tashi a mahaɗar Ogba, inda danfo suke juyawa. Ga Baballe da murmushi har kunne, ga sifili kusa da kansa ya kai girman tayar tirela, a ƙasa an rubuta da Turanci da Yarabanci: kada ka bari ɗanka ya zama haka, kawo shi lesin.

Saratu ta gani ta tagar mota, ta dawo gida ranta a ɓace, ta ce lallai ya je ya sa a sauke, ya zubar musu da mutuncin dangi. Baballe ya je ya tsaya a ƙarƙashin allon, ya karanta shi daga sama har ƙasa, fuskarsa ta murtuke. Ya haye benen nan da sauri, ya tura ƙofar ofis ba sallama.

"Malam Abdulhafiz, wannan wulaƙanci ne!"

"Ka yi haƙuri, yanzu zan sa a cire."

"A cire? Wa ya ce a cire? Duk Legas tana kallona, amma babu lambar wayata a ƙasa. Masu janareta ta ina za su same ni?"